Ta Yaya Ake Gano Inda Layin Wuta Ya Lalace? Leƙe Cikin Na'urar Gwajin Layi

Idan a Arewacin Najeriya kake a ƙarshen watan Oktoban 2024, ba sai an tuna maka ba. Ranar 21 ga watan, manyan layukan wuta guda biyu masu ƙarfin bolt 330,000 da suka taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurɗi suka faɗi. Layin Shiroro zuwa Kaduna kuwa, wanda da shi ne zai tallafa, dama an riga an lalata shi. Haka jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mai ƙanƙara ya rufe shago, mai walda ya zauna, injin niƙa sai da man dizal. Ma'aikatan kamfanin TCN sai da suka bi layin cikin daji kafin suka iske wayar da ta tsinke a wani surƙuƙi mai fadama a yankin Igumale na jihar Binuwai.

To, ka sa kanka a matsayin injiniyan da ke bakin aiki a wannan safiya. Ga layi ya miƙe ya ratsa dazuka da koguna, ga shi ya mutu. Ta ina za ka fara nema? Ba za ka taka kowane turke ka duba ba, sai dai idan kana da wata guda na ɓatarwa. Abin da kake buƙata shi ne na'urar da za ka tsaya da ita a baki ɗaya na layin, ta gaya maka cewa matsalar tana can, kilomita kaza daga nan.

Irin waɗannan na'urori suna da yawa, sunayensu ma sun isa su rikita mutum. Amma idan ka buɗe cikinsu za ka tarar aiki ɗaya suke yi: su jefa wa layi tambaya, su saurari amsa. Sassan da ke cikinsu kuma kusan iri ɗaya ne, ko na'urar ta gwajin layin wuta ce, ko ta kebul ɗin eriyar da ke kan turken kamfanin waya.

Kada wannan haɗin ya ba ka mamaki. A wurin injiniya, layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon sama da kilomita 200 da wayar dish ɗin gidanka mai mita goma 'yan gida ɗaya ne. Dalili kuwa shi ne, lantarki a cikin waya tafiya yake yi kamar igiyar ruwa, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya isa. Wutar gida tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, don haka tsawon igiyarta guda ya kai kilomita 6,000. Sai layi ya yi nisa sosai kafin wannan hali ya bayyana. Siginar dish kuwa tana kai-komo sau biliyan ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, igiyarta kusan taƙi guda ce, saboda haka mita goma ma doguwar tafiya ce a wurinta. Wani Baturen Ingila mai suna Oliver Heaviside, wanda ya fara da aikin tangaraho kuma bai yi jami'a ba, shi ya tsara lissafin da ke bayyana wannan tafiya a ƙarshen ƙarni na 19. Har gobe da lissafinsa ake aiki.

Mai jefa tambaya

Ka taɓa leƙa rijiya mai zurfi ka yi ihu? Muryarka za ta tafi, ta bugi ruwa, ta dawo. Gwargwadon jinkirin dawowar, gwargwadon zurfin rijiyar. Na'urar da injiniyoyi ke kira TDR a taƙaice haka take yi. Sashenta na farko shi ne mai yin ihun: wata 'yar da'irar lantarki da ke harba gajeren bugu na 'yan bolt kaɗan cikin waya.

Muddin wayar lafiya lau take, kaurinta ɗaya, rigarta ɗaya, bugun zai yi ta tafiya ba waiwaye. Amma da zarar ya iske wurin da yanayin wayar ya sauya, ko ta tsinke, ko wayoyi biyu sun haɗe, ko ruwa ya shiga, sai wani kaso nasa ya juyo. Za ka iya ganin irin wannan da igiyar shanya. Ɗaure ta tamau a jikin ƙarfe, ka fizgi ɗaya bakin sama sau ɗaya. Tudun da ka tayar zai gudu har wurin ƙullin, ya dawo maka a kife. Wayar da ta haɗe da 'yar'uwarta haka take mayar da bugu, a kife. Wadda ta tsinke kuwa a miƙe take mayar da shi. Wato tun kafin a je wurin, siffar amsar ta riga ta faɗi irin ciwon.

Sai dai akwai ciniki a nan. Bugu gajere yana rarrabe abubuwan da ke kusa da juna, amma ba ya nisa sai ya gaji. Bugu mai tsawo yana kai wa nesa, amma yayin da na'urar ke cikin harba shi ba ta jin komai, kamar yadda ba ka jin amsa-kuwwa alhali bakinka na buɗe kana ihu. Bari mu sa lamba. Kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa shi ake kira maikurosakan. A cikin kebul na eriya irin na gama-gari, bugu yana cin kimanin mita 200 a maikurosakan ɗaya. Idan tsawon bugunka maikurosakan ɗaya ne, duk abin da ke cikin mita 100 na farko ya ɓace maka. Shi ya sa na'ura mai kyau take ba ka zaɓin tsawon bugu, kuma gwani yakan fara da gajere ya duba kusa, sannan ya ƙara.

Ba kowace na'ura ce ke tambaya da bugu ba. Wadda masu aikin turakun waya ke hawa da ita tana rera sigina ne daga ƙaramin zango zuwa babba, ɗaya bayan ɗaya, ta auna abin da ya dawo a kowanne, sannan lissafi ya mayar da sakamakon zuwa nisa. Ita kuwa Megger, wadda sunan kasuwanci ne da aka laƙaba wa na'urar tun farkon ƙarni na 20, tambayarta daban ce. Ba ruwanta da nisa. Tana ɗora bolt 500, ko 1,000, ko 5,000, har 10,000 a kan waya, ta auna ɗan abin da ke yoyo ta cikin rigar wayar. Riga mai lafiya kusan ba ta yoyo. Wadda ta tsufa ko ta sha danshi kuwa, nan take za ta tona kanta.

Ƙarfin tambayar ma abin lura ne. A shekarar 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atilantika, tsakanin Ayaland da Niyufanlan. Siginar tana isa da rauni ƙwarai, har saƙon Sarauniya Biktoriya zuwa shugaban Amurka ya ɗauki kusan awa 16. Mai kula da lantarkin kamfanin, Wildman Whitehouse, sai ya ga mafita ita ce a ƙara ƙarfi, ya tura mata kimanin bolt 2,000. Wayar dama tana da rauni tun daga ƙira, cikin 'yan makonni ta mutu murus. William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, akasin haka ya bi: a bar siginar da rauninta, a ƙera kunne mai kaifi. Hanyarsa ce ta yi nasara.

Ƙofar da ke tsakani

Tsakanin na'ura da layi akwai wani sashe da ba a cika kula shi ba, alhali a nan yawancin ƙarya take shigowa. Aikinsa biyu ne. Na farko, ya raba mai tafiya da mai dawowa, tunda a waya ɗaya suke bi; kamar ɗan sandan hanya ne da ke ware motocin da ke fita gari da masu shigowa. Na biyu, ya sa bakin na'urar ya dace da layin.

Kowane layi yana da wata turjiya ta halitta da igiyar lantarki ke ji yayin da take ratsa shi, wadda ta dogara da kaurin waya, da tazarar wayoyin, da irin rigar da ke tsakaninsu. Da om ake auna ta. Kebul na rediyo da turakun waya om 50 ne, na dish da talabijin om 75, layin wuta na sama kuwa 'yan ɗaruruwa. Idan ka haɗa na'ura mai om 50 da kebul mai om 75 kai tsaye, bugun zai tarar da sauyi tun a bakin ƙofa, kashi 20 cikin 100 na ƙarfin bolt ɗinsa ya dawo nan take. Sai na'urar ta nuna maka matsala a wurin da babu komai sai kuskurenka. Haka ma soket ɗin da ya yi tsatsa, ko wanda ba a ɗaure da kyau ba, ko wayar gwaji da aka daɗe ana naɗewa har cikinta ya karye. Idan ka ga injiniya yana goge bakin kebul yana hurawa kamar mai lallashin jariri, ba tsirfa ba ce.

A babban layin wuta mai rai kuwa, babu mai kusantar bolt 330,000 da wayar gwaji. A tashoshin wuta akwai taransifomomi na musamman na awo, waɗanda ke rage bolt ɗin zuwa kimanin 110, su rage kwararar wutar zuwa amfiya 1 ko 5, ba tare da sun ɓata siffarta ba. Ta bayansu na'urorin ke leƙen layin.

Kunne da agogo

Nan ne zuciyar al'amarin take, don haka bari mu ɗan zauna.

Amsar da ke dawowa takan zo a raunane, cakuɗe da hayaniya. Sashen karɓa yana ƙara mata ƙarfi, ya tace ta, sannan ya yi ta ɗaukar awonta a kai a kai yana mayarwa lambobi. Saurin ɗaukar awon shi ne kaifin idon na'urar. Wadda ke ɗauka sau miliyan 100 a daƙiƙa, a kebul ɗin nan namu mai cin mita 200 a maikurosakan, tsakanin awo da awo mita ɗaya ne na nisa. Hayaniyar kuma akwai dabarar kashe ta: a harba bugun sau ɗaruruwa a ɗauki matsakaici. Amsar gaskiya kullum a wuri ɗaya take dawowa, hayaniya kuwa yau nan gobe can, sai ta cinye kanta.

Lissafin nisan ba shi da wuya. Ka ninka gudu da lokaci, ka raba biyu, tunda bugun zuwa ya yi ya dawo. Amsa ta dawo bayan maikurosakan ɗaya da rabi? Mita 200 sau ɗaya da rabi, mita 300 ke nan. Rabinsa mita 150. Can za ka je.

A babban layin wuta akwai wata dabara da ta fi wannan burge ni, domin na'urar ba ta ma jefa tambaya. Layin ne da kansa yake ihu. Lokacin da tsawa ta faɗa kan waya, ko reshen bishiya ya taɓa ta, ko ta tsinke, wurin yakan haifar da bugu mai kaifi da ke rugawa ta ɓangarorin biyu da gudun da ya kusa na haske, wato kusan mita 300 a maikurosakan. Sai a ajiye kunne a kowace tasha ta bakin layin, kowanne ya rubuta lokacin da bugun ya iso masa.

Mu ɗauki layi mai kilomita 200. Bugun ya isa tashar farko maikurosakan 200 kafin ya isa ta biyu. A wannan ɗan lokaci yana cin kilomita 60, wato hanyarsa zuwa tasha ta biyu ta fi ta farko da kilomita 60. Cire 60 daga 200, saura 140, raba biyu: matsalar tana kilomita 70 daga tashar farko. Shi ke nan.

Amma ka lura da abin da wannan lissafi ya jingina a kai. Dole agogon tashoshin biyu su yi daidai da juna fiye da duk yadda hankali ke zato. Saɓanin maikurosakan ɗaya tak yana kawo kuskuren mita 150. Saɓanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, zai jefa ka kilomita 150 daga wurin. Shi ya sa za ka ga wata 'yar farar eriya kamar naman kaza a kan rufin tasha. Ta GPS ce, kuma ba wuri take nema ba, tashar ai ba ta motsi. Lokaci take karɓa daga agogon da ke cikin taurarin ɗan'adam.

Inda babu wannan tsari, akan dogara da na'urar kariyar layi, wadda ke duba bolt da kwararar wuta a lokacin da abin ya faru ta ƙiyasta nisa. Tana taimakawa, amma ƙiyasi ne. Ko da kuskurenta kashi 2 cikin 100 ne kacal, a layi mai kilomita 200 kilomita huɗu ke nan ta kowane ɓangare. A kan takarda ƙaramin abu ne. A cikin fadama da damina, ko a dajin da ba a shiga sai da rakiyar sojoji, kilomita takwas aikin kwanaki ne.

Abin da allo ke nunawa, da abin da ba ya nunawa

Sashen lissafi da allo shi ne wanda kowa ke gani: layi a kwance, da tudu a nan, da kwari a can. Tudu babba, waya ta tsinke ko ƙarshenta ke nan. Kwari, ta haɗe. Ɗan lanƙwasa sama da ƙasa, mahaɗa ce inda aka ɗinke kebul biyu.

Sai dai na'urar lokaci kawai take aunawa. Gudun, kai ne za ka gaya mata. Kebul mai rigar roba daskararriya yana tafiyar da bugu da kashi 66 cikin 100 na gudun haske. Mai rigar roba mai kumfa yakan kai kashi 80 da wani abu. Idan ka bar saitin a 66 alhali kebul ɗinka na 85 ne, amsar da ta dawo bayan maikurosakan ɗaya za a nuna maka ita a mita 99, ita kuwa tana mita 127. Ka fasa kwalta a banza. Sannan tsawon waya daban, tsawon ƙasa daban: kebul na binne yana lanƙwasa, masu shimfiɗawa sukan bar rara a naɗe a bakin mahaɗa, wayar sama kuma tana yin ciki tsakanin turke da turke. Don haka masu aikin sukan auna daga baki biyu, su ga inda amsoshin suka haɗu.

Akwai kuma wasu 'yan ƙananan murafu guda uku da ke zuwa cikin akwatin na'urar eriya, waɗanda baƙo zai ɗauka tarkace ne. Ɗaya buɗaɗɗe ne, ɗaya haɗaɗɗe, ɗaya kuma om 50 ne cif. Kafin a fara aiki ana ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, na'urar ta auna abin da ta riga ta san amsarsa, ta gane nata kuskuren ta cire. Kamar mai sayar da zinari ne da ke ɗora sanannen dutsen awo a kan sikeli kafin ciniki. Idan an yi saitin da sanyin safiya, rana ta take na'urar ta ɗau zafi, sai an sake.

Sashen da ke tsare rai

Layin da aka kashe ba lallai ya zama matacce ba. Manyan turaku da dama suna ɗauke da layi biyu, ɗaya a kowane gefe. Idan an kashe ɗaya ɗayan yana aiki, mai ran yana cusa wa mataccen wuta ta iska kawai, ba tare da sun taɓa juna ba, kuma a doguwar tafiya abin yakan kai dubban bolt. Ga kuma hadari: tsawar da ta faɗa kilomita 50 daga inda kake, ta cikin wayar za ta iso hannunka kafin ka ji ƙararta.

Saboda haka kayan gwajin babban layi suna zuwa da sandunan ɗaure waya da ƙasa, da wani akwati da ke zama tsakanin layi da na'ura, wanda ke zubar da wutar cikin ƙasa nan take idan ta haura iyaka. Wannan kutsen na maƙwabcin layi yana ɓata awo ma, ba rai kaɗai yake barazana ba. Dabarar da ake yi ita ce, tunda kutsen a kan kai-komo 50 yake zuwa, sai na'urar ta yi gwajinta a ƙasa da 50 da kuma sama da 50, ta toshe kunnenta daga 50 ɗin, sannan ta lissafo abin da ke tsakiya.

Kebul na binne kuma yana da nasa makircin: yana riƙe caji. Bayan an gama gwada shi da Megger a bolt 5,000, cajin yana nan zaune a ciki ko an cire na'urar. Sai an sauke shi, an bar kebul ɗin ɗaure da ƙasa na wani lokaci, kafin hannu ya kusance shi.

Wannan kebul na binne shi ne ma ya fi wahalar da masu nema. Sau da yawa bai tsinke ba, bai kuma haɗe sosai ba. Wani ɗan rami ne kamar na allura a jikin rigarsa, wanda ba ya yoyo sai wuta mai ƙarfi ta hau. Ɗan bugun TDR mai 'yan bolt zai wuce ta wurin bai ga komai ba. A nan ake kawo wata na'ura mai nauyi da ke tara caji na dubban bolt ta sake shi gaba ɗaya cikin kebul ɗin. Wutar tana isa ramin sai ta yi tartsatsi, kuma a wannan ɗan lokacin tartsatsin ya zama kamar haɗewar waya, sai TDR ta gan shi ta ba da nisa. Daga nan sai a bar na'urar tana bugawa duk bayan 'yan daƙiƙu, wani ma'aikaci ya sa abin saurare a kunne, ya riƙa ɗora makirfo a kan ƙasa yana tafiya a hankali a kan hanyar kebul ɗin. Tartsatsin yana ƙara a ƙarƙashin ƙasa, dum, dum. Inda ƙarar ta fi ƙarfi ya tsaya, ya zana alama, a kira masu diga.